Daga yaya zuwa ƙane: Yadda tattalin kayan makaranta ke rage wa iyaye nauyi

Da zarar dogon hutu ya ƙare an shiga watan Satumba, layukan masu sayar da littattafai a Kasuwar Sabon Gari da ke Kano kan cika maƙil da iyaye, kowa riƙe da takardar jerin kayan da makaranta ta ce a sayo. A Kantin Kwari ana ta yankar yadin yunifom, a Ƙofar Wambai ana tonon jakunkuna da takalman gwanjo, teloli kuwa sai su kwana a kan keke. Haka lamarin yake a Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato.

Wannan sayayya ta farkon shekara kowa ya san da zuwanta, mai hali kan yi mata tanadi. Wadda ke karya magidanci ita ce ta biyu da ta uku. Kafin a gama zangon farko zif ɗin jaka ya ɓalle, bangon littafin lissafi ya rabu da jikinsa, farar riga ta koma ruwan ƙasa, biro kuwa ba a ma maganarsa, kusan kowane mako sai an sayi wani. Kayan da ya kamata su yi shekara, wasu ma su yi wa yara biyu ko uku aiki, sai su ƙare cikin wata huɗu.

A gidan da ke da yara biyar ko shida a makaranta, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Idan kuma kuɗin sake saye bai samu ba, a kan yaron abin ke ƙarewa. Zai tafi aji ba littafi, ya zauna yana leƙen na kusa da shi, wata rana a koro shi gida, daga nan karatun ya fara fita daga ransa.

Me ya sa kayan suka yi tsada haka?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma bar kasuwa ta yi wa naira farashi a watan Yunin wannan shekara, komai ya tashi. Dalar da ake canzarwa kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa naira 70,000 ne a wata, ga abinci, ga haya, ga magani.

Littafi na cikin abubuwan da tashin dala ke taɓawa kai tsaye. Manyan masana'antun takarda uku da gwamnatin tarayya ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa samar da takardar da ƙasar ke buƙata, don haka yawancin farar takardar rubutu da ta ɗab'i daga waje ake shigo da ita. Ko da a Zariya ko Ibadan ko Legas aka buga littafi, da dala aka sayo takardarsa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatun shekara tara kyauta kuma dole, ta kuma lissafa littattafai da kayan koyarwa da kujeru cikin abubuwan da za a bayar kyauta a makarantun gwamnati. Sai dai abin da ke isa aji ba ya kai yawan yaran, ragowar a kan iyaye yake faɗawa. Masu 'ya'ya a makarantun kuɗi kuwa komai daga aljihunsu yake fita.

Lissafin ba shi da wuya. A ƙaddara littafin karatu guda naira 4,000 ne. Idan ya yi wa yaro ɗaya shekara ɗaya ya lalace, kowane ƙane da ya iso ajin sai an sake kashe masa 4,000. Idan yara huɗu suka yi amfani da shi ɗaya bayan ɗaya, ya tashi a naira 1,000 kan kowane yaro. A ninka wannan da darussa takwas ko goma, za a ga inda kuɗin buhun masara ke zurarewa.

Darasi daga gafaka

Adana kayan karatu ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo, allon da aka sassaƙa da icen aduwa yakan yi shekaru ana rubutu ana wankewa. Alƙalamin kara idan ya dakushe fiƙe shi ake yi, tawada kuma ta gawayi da ƙaro ce, idan ta bushe a ƙara mata ruwa. Alƙur'anin rubutun hannu, wanda warƙoƙinsa ba a ɗinke suke ba, ana sa shi cikin tadarishi a ɗaure da igiyar fata, sannan a zura shi cikin gafaka a rataye a bango, nesa da ƙasa, nesa da gara da laima.

Da irin wannan kulawa ne rubuce-rubucen malaman ƙarni na 19 suka kawo yau. Wanda ya je Gidan Arewa a Kaduna ko Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato zai ga takardun da suka haura shekara 100 har yanzu ana karanta su. Gaskiya ne takardar wancan zamani ta fi ta yanzu ƙarko. Da yawa daga Italiya fatake suka kawo ta ta hanyar Tarabulus da Sahara, mai tambarin jinjirin wata uku, kuma da tsummoki aka yi ta. Takarda mai araha ta yau da niƙaƙƙen ice ake yi, shi ya sa rana da zafi ke mayar da ita ja ta riƙa karyewa. Amma wannan dalili ne na a ƙara kula da ita.

Ko a makarantun boko, waɗanda suka yi firamare shekarun baya za su tuna yadda kwafi ɗaya na Magana Jari Ce kan zagaya gida, a ga sunayen yara uku ko huɗu a jere a shafin farko, kowa ya soke na yayansa ya rubuta nasa. A Jamhuriyar Nijar har yanzu ƙananan 'yan firamare na amfani da ɗan allo da alli wajen aikin aji, abin da ke rage yawan littafin rubutun da ake ƙararwa.

Makon farko shi ne komai

Ƙarkon littafi tun ranar da aka kawo shi daga kasuwa ake yanke shi. Kafin ya shiga jaka a yi masa bango. Tsohuwar kalanda mai kauri ko tsabtatacciyar takardar buhun siminti sun isa, idan da hali a ƙara farar leda a sama saboda ruwa. A manna salatif a jikin bangon da aka yi kawai, kada a manna shi a kan shafin littafin, domin idan ya tsufa yakan bar jan tabo, idan aka zo cire shi ya tafi da rubutu.

Yawancin littattafan yanzu da gam aka manne shafukansu. Gam ɗin kan bushe a lokacin zafi da hunturu, da zarar yaro ya nannaɗe littafin ya mayar da bango baya sai maɗaurin ya tsage, shafuka su fara zubowa. Maganinsa shi ne ɗinki tun littafin yana sabo. Ana huda ramuka uku ko biyar a gefen maɗaurin da basilla, a zura zare mai ƙarfi a ƙulle. Masu gyaran takalmi na unguwa suna yi, haka masu ɗinkin littattafai da ake samu a bakin jami'o'i da kwalejoji, kuma kuɗin bai kai ko kusa da na sabon littafi ba.

Littafin rubutu kuma ƙananan ƙarafa biyu ne ke riƙe da tsakiyarsa. Su ne ke yin tsatsa da damina su cinye takardar da ke kewaye da su. Ɗinki ɗaya da allura da zare a tsakiya yana hana shi wargajewa.

A rubuta sunan yaro da ajinsa a cikin kowane littafi, a kuma sa alama a gefen shafuka yadda ko an yage shafin farko za a gane shi. Amma jaka a cikinta ake rubuta suna. Rubuta sunan ƙaramin yaro da manyan baƙaƙe a bayan jaka na ba wanda bai san shi ba damar kiran sa da suna a hanya, kuma a wannan zamani ba abin wasa ba ne.

Maƙiyan littafi a cikin gida

Kowane yanayi da irin ɓarnarsa. Da damina laima ce da yoyon rufi. Littafin da aka jingina da bangon ƙasa ko aka ajiye a daɓe yakan sha danshi ya yi funfuna, gara kuma na iya cinye tarin littattafai daga ƙasa cikin 'yan kwanaki ba a sani ba, sai an ɗaga a tarar da ɓawo. Ambaliyar da ta auka wa Maiduguri a Satumban 2024, daidai lokacin komawa makaranta, ta nuna yadda dare ɗaya ke iya tafiya da littattafai da takardun shaidar karatu na gida gaba ɗaya. A unguwannin da ruwa ke shiga, wurin littafi shi ne sama: kanta a jikin bango, ko ƙusar da za a rataye jaka, takardun shaida kuma cikin leda mai kauri.

Da hunturu ƙura ce ke shiga tsakanin shafuka, da bazara kuma zafi. Littafin da aka bari a taga ko a tsakar gida rana na dukansa yakan lanƙwashe ya canza launi.

Kyankyaso da ɓera kuwa abinci ke kawo su. Yaro ya sa ƙosai ko awara ko wainar fulawa cikin leda ya cusa a jaka tare da littattafai, mai ya zuba a shafi, da dare ƙwari su bi ƙanshin. Kyankyasai na son gam ɗin littafi ko da babu abinci, balle an haɗa musu da mai. Busasshen ganyen darbejiya a cikin akwati ko kanta na taimakawa wajen korar ƙwari. Masu sa kafur su yi hattara, guba ne idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi yana zaton alewa ce.

Idan littafi ya jiƙe

Kuskuren da aka fi yi shi ne shanya jiƙaƙƙen littafi a tsakiyar rana ko kusa da murhu. Zai bushe, amma zai kumbura ya ƙanƙance, shafuka su manne. Abin da ya fi shi ne a fara tsane ruwan da busasshen tsumma ba tare da gogawa ba, a sa farar takarda busasshiya a tsakanin shafuka ana canza ta idan ta jiƙe, sannan a tsayar da littafin a buɗe a inuwa inda iska ke kaɗawa. Idan ya kusa bushewa sai a rufe shi a ɗora masa abu mai nauyi ya kwana.

Kada a bar aikin sai gobe ko jibi, domin cikin kwana biyu funfuna ke fara fitowa. Shafuka masu sheƙi, irin na hotuna, a raba su tun suna jiƙe. Idan suka bushe a manne ba sa rabuwa sai da yagewa.

Littafin rubutu da biro da fensir

A nan ne kuɗi ke zurarewa kaɗan-kaɗan ba a lura. Littafi mai warƙa 60 ko 80 sau da yawa ba a cinye rabinsa ba zango ke ƙarewa, sai a jefar a sayi sabo. Wasu kuma tsakiyarsu ake yagewa, yau don gwajin aji, gobe don jirgin takarda. Duk warƙar da aka cire a littafin da aka ɗinke ta tsakiya, 'yar'uwarta da ke ɗaya ɓangaren ita ma ta saki. Ware littafi guda don gwaji da lissafin wucin gadi yana ceton sauran. A ƙarshen shekara kuma a tattara fararen shafukan da suka rage a tsofaffin littattafai a ɗinke su wuri guda, an samu sabon littafi ba a kashe ko kwabo ba.

Fensir idan ya faɗi ƙasa bakin cikinsa na karyewa gunduwa-gunduwa ba a gani. Shi ya sa za a yi ta fiƙewa yana ɓallewa har ya ƙare a yini ɗaya. Fiƙa da reza ma na cin fensir, ga yankan hannu, ga haɗarin yara su riƙa karɓa-karɓar reza guda. Ƙaramin abin fiƙe fensir ya fi. Biro kuma zafi ke sa tawadarsa ta tsinke ta zubo a aljihu, rashin murfi ke sa ya bushe, tauna gindinsa ke fasa shi.

Dabarar da iyaye mata da yawa suka sani ita ce kada a miƙa wa yaro kwalin biro gaba ɗaya. A saya da yawa a sari don ya fi sauƙi, amma uwa ta riƙe, ba a ba da sabo sai an kawo tsohon da ya ƙare. Tela na iya ɗinka 'yar jakar biro da ƙyallen da ya rage daga yadin yunifom. Akwatin lissafi kuma a naɗe bakin kamfas ɗinsa, domin shi ke huda jaka ya huda littafi.

Jaka ba kujera ba ce

Ba abin da ke wahala a hannun ɗan firamare kamar jaka. Ita ce kujera idan aji ba benci, ita ce turken gola a filin ƙwallo, ita ake ja a ƙasa a hanyar gida. Amma abin da ya fi kashe ta shi ne lodi. Yaron da ke kwasar littattafan mako gaba ɗaya kullum, maimakon ya duba jadawalin darussa ya ɗauki na ranar, zai tsinka hannun jaka ya fasa zif, bayansa ma ya yi ciwo. Likitoci da dama na ba da shawarar kada nauyin jaka ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaro. Yaro mai kilo 30 ke nan kada jakarsa ta wuce kilo huɗu da rabi. A rataya ta da hannu biyu, manyan littattafai su kasance ta wajen baya.

Yawancin yaranmu makaranta biyu suke yi, boko da safe, Islamiyya da yamma. Raba musu jaka, ko da ta Islamiyyar ta yadi ce da tela ya ɗinka, yana rage lodi, yana kuma kare littattafan addini daga cuɗanya da takalmi da abinci.

Sabuwar jaka a kai wa mai ɗinki ya ƙara bi ta kan hannuwanta kafin a fara amfani da ita. Zif idan ya fara cijewa a goga masa kyandir ko busasshen sabulu. Idan yana rufewa yana buɗewa ta baya, sau da yawa kansa ne ya saki, matsawa kaɗan da filaya na gyara shi. Gorar ruwa a aljihun waje ake sa ta. Kowace Asabar a zazzage jakar a kakkaɓe.

Yunifom da takalmi

Yunifom ba a aji yake tsufa ba, bayan an tashi ne. Yaron da ya dawo ya ci abinci da shi, ya tafi aike da shi, ya buga ƙwallo da shi, ya sa shi aikin yini biyu a yini ɗaya. Dokar farko ita ce a tuɓe da an shigo gida, a rataye. Mai halin ɗinka biyu ya ɗinka, domin guda biyun da ake musanyawa sun fi guda ɗaya da ake wankewa kullum a sa shi da danshi.

A gaya wa tela ya bar kalmasa mai yawa a ƙafar wando da gindin riga, yadda idan yaro ya ƙara tsawo sai a warware. A wanke mai launi a juye, a shanya a inuwa don kada ya koɗe. Yawan zuba sinadarin sa fari a farar riga da hijabi yana cinye zaren yadi, da sannu ya fara yagewa kamar takarda. Dutsen guga na gawayi kuma a kula da tartsatsinsa, domin yawancin yadin yunifom na roba ne, wuta kaɗan ke huda shi. Maɓallin da ya fara lilo da ɗinkin da ya fara warwarewa a gyara su a ranar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sabon sandal a kai wa mai gyaran takalmi ya zagaye shi da ɗinki kafin a sa, tun gam bai saki ba. Takalmin da ruwa ya jiƙa a cusa masa takarda a bar shi a inuwa. A hana yaro take dunduniyar takalmi. Wajen saye kuma a tuna arha ba ta ado, sau da yawa takalmin gwanjo mai ƙwari ya fi sabo mai ƙyalli daɗewa.

'Yan makarantar kwana na da ƙarin aiki. Akwatin ƙarfe a ɗora shi a kan katako ko bulo don kada gindinsa ya yi tsatsa, a shimfiɗa takarda a ciki, a raba gari da sukari da ƙuli-ƙuli da man shanu daga littattafai da tufafi. A rubuta suna a bokiti da kwano da fenti, a riƙa fitar da katifa rana saboda kuɗin cizo.

Inda laifin ba na yaro ba ne

Ba adalci ba ne a ɗora wa yara da iyaye komai. Akwai littattafan da tun daga maɗaba'a aka tsara su don su mutu a shekara ɗaya, wato waɗanda aka haɗa karatu da guraben amsa tambayoyi a ciki. Da yaro ya cike guraben da biro, malami ya bi da jan biro, ƙanensa ba zai more shi ba. Akwai kuma makarantun kuɗi da ke canza littafi kusan kowace shekara, su kuma ce dole a wurinsu za a saya.

Koke-koken iyaye sun sa hukumomi sun fara motsi. A Agustan 2025 gwamnatin Jihar Imo ta hana canza littattafai duk shekara, ta ce a yi amfani da su na shekara huɗu don ƙanne su gada. A Janairun 2026 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa da Ƙaramar Minista Suwaiba Sa'id Ahmad, ta fitar da tsarin da ya ce a riƙa amfani da littattafai masu ƙarko da za su yi shekara huɗu zuwa shida, ya kuma hana haɗa littafin karatu da na aikin da ake cikewa a yar. Ko tsarin zai yi aiki ya dogara ne da bibiyar jihohi da kuma iyaye su san da shi su yi magana a taron iyaye da malamai. Kafin nan, malami na iya cewa a rubuta amsa a littafin rubutu, ko a cike gurabe da fensir yadda za a goge.

A makarantun gwamnati kuwa matsalar gini ce. Yaron da ke zaune a ƙasa yana rubutu a kan cinyarsa, a ajin da rufinsa ke yoyo kuma ba ƙofa ba taga, ba yadda zai yi littafinsa ya yi tsabta. Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024, kuma rashin kujeru da lalacewar azuzuwa na cikin dalilan da ta bayar. Benci da rufi da kabad mai makulli su ma kayan adana littafi ne. Kwamitocin al'umma masu kula da makarantu na iya farawa da abin da bai fi ƙarfinsu ba: toshe yoyo, gyara ƙofa, buga hatimin makaranta a kowane littafi, da buɗe rajistar wanda ya ara da ranar da ya dawo da shi.

Adanawa ba ɓoyewa ba ce

Akwai wani nau'in tattali da ke cutarwa. Wani binciken Bankin Duniya da aka wallafa a 2014 kan rabon littattafai a makarantun firamaren Saliyo ya gano cewa da yawa daga shugabannin makarantu ajiye littattafan suka yi ba su raba wa ɗalibai ba, saboda ba su da tabbacin za a sake kawo wasu. Sakamakon haka rabon bai ƙara wa yaran ƙoƙari ba. Duk wanda ya san makarantunmu ya san irin wannan: katan-katan na littattafai a ofishin hedimasta ƙura ta rufe su, gara na ci, yara na aji hannu wofi.

A gida ma akan samu uban da zai kulle sabon littafi a akwati don kada a lalata. Littafin da aka karanta har gefensa ya yi laushi ya biya kuɗinsa. Wanda ya tsufa a kulle shi ne asara.

Tarbiyya ce tun daga gida

Duka da zagi ba sa koya wa yaro tattali, sai dai su koya masa ɓoye abin da ya lalace har ya wuce gyara, ko ɗauko na wani ya maye gurbin nasa. Abin da ke aiki shi ne sabo. A ware wa kowane yaro ƙusarsa da wurin littattafansa. Da dare ya shirya jakarsa da kansa bisa jadawalin gobe, babba na kallo. A sa shi cikin aikin yin bango da ɗinki, domin wanda ya sha wahalar yi wa littafi bango ba ya saurin jefa shi ƙasa. Wanda ya yi wayo a tafi da shi kasuwa ya ji farashi da kunnensa. A kuma gaya masa tun ranar farko sunan ƙanen da zai gaji littafin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Aiki na ƙarshe a watan Yuli yake, ranar da aka ba da dogon hutu. A nan ne littattafai da yawa ke ɓacewa, wasu a ƙarƙashin gado, wasu a hannun mai ƙosai da mai gyaɗa an yage ana ƙunshi da su. A ranar a tattara komai, a goge rubutun fensir, a ɗinke abin da ya saki, a wanke jaka da yunifom, a ɗaure littattafan kowane aji daban a ɗora a sama. Wanda ba shi da ƙanen da zai gada ya yi musanya da maƙwabta ko 'yan'uwa, ko ya miƙa wa makaranta a ba marayu. Idan Satumba ta zagayo, sai a zauna da jerin da makaranta ta bayar a soke duk abin da ke cikin gida kafin a nufi kasuwa.